Batirin tarakta a Amurka, batirin sola a Maraɗi

A farkon shekarun 1970 kamfanin General Electric ya riƙa ƙera wata ƙaramar tarakta ta aikin lambu mai suna Elec-Trak, wadda ba ta shan fetur. Batura shida ne masu volt 6 aka jera a cikinta domin su ba da volt 36. An daina ƙera ta tuntuni, amma a nan Amurka inda nake zaune har yau akwai masu yankan ciyawa da ita, domin injinta ba ya saurin lalacewa, baturan ne suke tsufa. Yadda suke sabunta su ya sa nake son magana da ƴan uwana masu gyara na Maraɗi, ko da yake a wajenmu batirin sola da na mota ne suka fi yawa.

Wajen basirar hannu ban ga wanda ya kai namu ba. Ba'amurke idan batir ya mutu shago yake mayar da shi, mai gyara a Maraɗi kuwa zai wanke shi, ya gyara kan da ya ci, ya ƙara wa mai lambu a Jiratawa ko mai cajin waya wasu watanni. Abin da ya rage mana shi ne awo. Kafin masu wannan tarakta su kwance komai, sai sun cika baturan da caji, sun bar su sun huta, sannan su auna kowanne shi kaɗai, inda lafiyayye yake nuna kimanin volt 6.3, su kuma zuƙo ruwan kowane ɗaki na cikin batirin su gwada kaurinsa. Baturan da aka jera a layi ɗaya wuta ɗaya ce take ratsa su, saboda haka mai rauni ne yake fara ƙarewa, ya ja sauran ƙasa, kuma shi ya sa suke canza shidan gaba ɗaya. Mu kuwa, saboda tsadar kaya, mukan sayi sabo ɗaya mu haɗa shi da tsofaffi, ya tsufa tun kafin lokacinsa, a ɗora wa ɗan kasuwa laifi. Na san halin da aljihu yake ciki, amma wannan arahar ba ta ado.

Akwai kuma zafi. Batirin dalma, wato mai farantan dalma da ruwan asid a ciki irin na mota da na wannan tarakta, an yi shi ne domin yanayin digiri 25, alhali bazarar Maraɗi tana wuce 40, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana iya raba kwanansa biyu. Ruwa ne yake ƙonewa a ciki, asid ɗin yana nan, don haka tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Batirin da ya daɗe babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, wanda wanki ba ya fitar da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne makomar mataccen batir. A nan Amurka idan ka sayi sabo, shago yana riƙe wani kuɗi har sai ka kawo tsohon, daga nan a kai shi masana'anta. A gida kuwa akwai masu fasa shi, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar inda yara suke wasa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa ɗaruruwan yara a 2010 sanadin gubar dalma daga haƙar zinariya, kuma dalmar batir ita ce wannan gubar. Ina roƙon shugabannin masu gyara su keɓe wurin tara tsofaffin batura a bayan gari, su hana narka su cikin gidaje.