Karen da ba shi da mai shi, ina za a kai shi a Kaduna?

Na san abin da za a fara ce mini tun kafin a gama karanta wannan rubutu: ana ta kai, wa yake ta kaya? Mutane ba su ƙoshi ba, magani ya gagari talaka, yara na kwana a tasha, kai kuma ka zo mana da zancen karnuka da maguna. Ban raina wannan ƙorafi ba, domin ni ma a cikin tsadar nan nake cefane. Duk da haka ina nan a kan bakana: garin Kaduna na buƙatar gidan kula da dabbobin da ba su da mai su, wanda mutanen gari za su kafa, su riƙe da kansu. Wanda zai fi kowa morar wannan gida kuwa shi ne ɗan talakan da ke bin lungu da ƙafa zuwa makaranta da sassafe.

Ku tuna yadda abin yake faruwa a unguwanninmu, ko Rigasa ce, ko Hayin Banki, ko Sabon Tasha. Kare ya ciji yaro. A sa ihu, "Mahaukacin kare ne!" Samari su fito da gora da duwatsu, a bi shi lungu-lungu har a kashe shi, a ja mushen a jefa a bola, kowa ya koma harkarsa. Yaron kuma a gasa masa ciwon da ruwan gishiri, wata tsohuwa ta ce a tsinko gashin karen a ɗora a kai, in an yi ƙoƙari a kai shi kemis a yi masa allurar titanus. Ko karen na ɗauke da ciwon haukan kare, ko tsokanarsa aka yi ya kai cizo, babu wanda zai ƙara sani, domin shaidar tana can tana ruɓewa a juji.

Ciwon haukan kare ba ya gaggawa. Ƙwayar cutar tana shiga ne ta yawun dabbar, ta bi jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci sai bayan wata biyu ko uku alamu ke bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Kafin nan miki ya warke, an manta da zancen. Ranar da yaro ya fara firgita in ya ga ruwa, yana jin ƙishirwa amma maƙogwaro ya ƙi karɓa, sai a ce iska ce ko sammu. Wanda ya kai wannan mataki da wuya ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare, kuma wajen 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allurar da ta cece shi a Faransa, mu kuma har yau muna neman gashin kare.

Don Allah ko wannan kaɗai ku riƙe: in kare ko mage ta ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar, a faɗa musu cizon kare ne. Allurar rigakafin haukan kare ba guda ɗaya ba ce, ana komawa, kuma sai an cika ta.

To ina gidan dabbobi ya shigo? Aikinsa na farko shi ne a samu wurin da za a kulle karen da ya yi cizo, a ba shi ruwa da abinci, likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana 10. Yaro ya fara allura nan take, ba a jira. In kwana 10 suka cika karen na nan garau, an san ba ya yaɗa cutar a ranar da ya yi cizon, hankalin iyaye ya kwanta. In ya mutu, a aika kansa ɗakin gwaji. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke aiki tun 1924, tana wannan gwaji, kuma tana sarrafa allurar rigakafin karnuka. In gwaji ya tabbatar da cutar, sai a bi sawu a nemo duk wanda karen ya taɓa, mutum ko dabba. Yanzu a wace unguwa za a yi wannan? Wa zai yarda a ɗaure masa kare mai cizo a tsakar gida?

Aiki na biyu shi ne allura. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, aka riƙa maimaitawa duk shekara, cutar ba ta samun hanyar yawo. Yi wa kare allura ya fi yi wa mutum bayan cizo araha nesa ba kusa ba. Wani zai ce a zuba musu guba kawai a huta. An sha gwada wannan a ƙasashe da dama, bai yi ba. Abinci ne ke tara karnuka: bola, bayan mayanka, inda masu tsire da gidajen abinci ke zubar da saura. Ka kashe goma yau, in bolar na nan, gobe wasu za su shigo daga unguwar maƙwabta, waɗanda suka tsira kuma su hayayyafa, tun da cikin karya wata biyu ne kacal, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara. Guba kuma ba ta zaɓe, akuya za ta ci, kaza za ta tsattsaga, ungulun da ta sauka a kan mushen ita ma ta tafi. A birnin Jaipur na Indiya, tun 1994 ake kama karnukan titi, a yi musu aikin hana haihuwa da allura, a sa musu alama a kunne, a mayar da su inda aka ɗauko su, kuma mace-macen mutane daga cutar ya ragu ƙwarai a inda aikin ya kai. Karen da aka yi wa allura, aka fiɗiye shi, yana zaune a lungunsa yana korar baƙin karnuka, wato ya koma mai tsaron unguwa daga cutar.

Inda na fi son mu tsaya shi ne wajen addini, domin da sunansa ake fakewa ana jifan kare. Sau nawa ka ga yara sun zagaye kwikwiyo da duwatsu, babba na zaune a kan benci yana kallo, in ka yi magana ya ce ai najasa ne? Mu da aka karantar da fiƙihun Malikiyya a zaure mun san cewa a mazhabar Imamu Malik duk mai rai mai tsarki ne, har kare, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni. Ko a wajen malaman da suka ce najasa ne, babu wanda ya ce najasa ta halatta azabtarwa. Gaskiya ne an hana ajiye kare haka kawai, sai don farauta ko kiwo ko gadin gona. Amma hana ajiyewa daban, fasa masa kai da dutse daban.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya sha ruwa, ya fito ya ga kare na lasar ƙasa don ƙishirwa, ya koma ya ciko huffinsa, ya riƙo da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyen hanta. Su ne kuma suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda mage da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. A Abu Dawuda akwai raƙumin da ya zubar da hawaye da ya ga Annabi, aka kira mai shi aka yi masa faɗa kan yunwa da wahalar da yake ba shi. A Suratul An'ami, aya ta 38, an ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. 'Yan uwanmu Kirista na Barnawa da Narayi su ma suna da shi a Karin Magana 12:10, cewa adali yana kula da ran dabbarsa. Dokar hukunta laifuka ta Penal Code da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ma ta sa zaluntar dabba cikin laifuka. Kakanninmu kuma da suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, ba su ware alhakin dabba ba.

Ba karnuka kaɗai nake nufi ba. Na taɓa ganin wani tsohon jaki da aka yasar a bakin hanya ta wajen Rigachikun. Inda akumari ke zama ya zama gyambo, ƙuda sun baibaye shi, in ka matsa kusa kana ganin tsutsa na motsi a ciki. Kofatonsa sun yi tsawo har sun lanƙwashe, in ya taka sai ya tsaya ya huta. Wani mai shayi ya yanka jarka yana zuba masa ruwa, wata baiwar Allah ta aiko yaro da dusa a kwano. Da na tambayi mai shayin ko an nemi likita, sai ya ce, "Malam, ina za mu kai shi? Wa zai biya?" Wannan tambaya ita ce ta sa na yi rubutun nan. Mutanenmu na da tausayi, sai dai mai tausayin bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ciwon da wanki da magani na 'yan makonni zai warkar, shi ke kashe dabbar da ta yi shekaru tana ɗaukar yashi da itace tana ciyar da gida guda. Jakin da ya faɗa hannun 'yan fata kuwa nasa ya ƙare, abin da ya sa a Fabrairun 2024 Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu. Haka dawakin da ake haya ana sukuwa da su a kan kwalta ranar biki, in ƙafa ta lalace sai a bar su a turke. A Alƙahira tun 1934 akwai asibitin da wata Baturiya mai suna Dorothy Brooke ta kafa don tsofaffin dawaki, har yau yana duba dawaki da jakunan talakawa kyauta.

Maguna kuma, kowa ya san 'ya'yan da ake zubawa a kwali a ajiye a bakin lambatu idanunsu ko buɗewa ba su yi ba, da baƙar magen da ake kashewa da sunan maita, alhali masu shagon hatsi na kuka da ɓeraye.

Sai dai ina da tsoro guda, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Gidan dabbobi na iya zama kurkuku. In aka buɗe da ɗoki, aka yi ta karɓar duk abin da aka kawo, wata shida kuɗin abinci ya ƙare, za a wayi gari da karnuka hamsin a keji suna cin junansu, cuta na bin su ɗaya bayan ɗaya. Hadisin matar nan da magenta zai hau kan masu gidan kafin ya hau kan kowa. Don haka gidan da nake kira a kafa zango ne, a shigo a fita. Mai rauni a yi masa magani, mai cizo a tsare shi kwana 10, mai lafiya a yi masa allura da fiɗiya a mayar da shi lungunsa, ko a ba mafarauci, ko maigadi, ko manomin da ke so, bisa sharaɗin za a riƙa leƙawa a ga yadda yake. Wanda ciwonsa ba ya warkuwa, likita ya sauƙaƙa masa ba tare da azaba ba. A rubuta iyakar adadin da gidan zai iya ɗauka a bakin ƙofa, in ya cika a ce ya cika.

Ba sai an jira gwamnati ta gina katafaren gini ba. Fili mai katanga a gefen gari nesa da gidajen mutane, inuwa, ruwa, keji kaɗan masu ƙarfi, firji mai sola don ajiye allura tun da zafi na lalata ta, da ma'aikata biyu ko uku da aka yi wa rigakafi kafin su fara taɓa dabba. Masana kuwa jihar nan ba ta rasa su ba. Ga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da asibitin koyarwarta, ga kwalejin aikin gona da kimiyyar dabbobi a Mando, nan cikin gari. Ɗalibansu na neman inda za su goge hannu, a ƙarƙashin likita mai lasisi. Sauran nama da ƙashi, a zauna da Sarkin Pawa. Kuɗin wata-wata kuma a nemo shi ta hanyar da muka sani, wato wakafi. A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya mutane sun yi wakafi don ciyar da karnuka da magunan titi, har a garin Bursa aka yi gidan jinyar shamuwa. Mai hali ɗaya da zai ware kuɗin hayar shago guda ya isa ya riƙe abincin gidan, a kuma riƙa liƙa lissafin shiga da fita kowa ya gani.

In ma filin bai samu ba tukuna, akwai abin da za a fara da shi. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya. Mai unguwa ɗaya ya ba da ƙofar gidansa, limami ya sanar ranar Juma'a, fasto ya sanar ranar Lahadi, mafarauta da 'yan sintiri su kawo karnukansu, a yi wa duk wanda ya kai wata uku allura, a rubuta sunan mai shi da ranar da zai dawo baɗi. Likitocin dabbobi da ɗalibai da ke karanta wannan, ku faɗa mana nawa allurar kare ɗari za ta ci a yau, da abin da ake buƙata don ta iso unguwa da sanyinta, mu san abin da za mu tara.