Ni Da Bahar Maliya, Tun Ba A Bar Kano Ba

Maganar hutun nan dai kun san ni na ɗauko ta, ba wanda ya aike ni. Cewa na yi bana in Allah ya hore mu tafi Masar, mu da yara da Hajiya, a ga garuruwan tarihi sannan a je bakin teku a miƙe ƙafa. Na zauna na tsara komai a takarda har da jan layi. Mu sauka Alƙahira, a yi Juma'a a Azhar, masallacin da aka fara ginawa tun shekarar 970, a kai Hajiya ziyarar kabarin Imamu Shafi'i, yara su ga dalar Giza, maman yara ta shiga kasuwar Khan al-Khalili ta ƙarar da ɗan abin da ya rage. Daga nan a hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, wajen kilomita 220, a ga ganuwar Sarki Ƙaitbay da aka ɗora a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Sai a gangara kudu zuwa Luksor wurin kaburburan sarakunansu na da, a ƙare a Hurgada, bakin Bahar Maliya.

Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta ce ita buƙatarta ɗaya ce, a kai ta ta ga gawar Fir'auna da idonta. Na ce wannan mai sauƙi ne, tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna da matan sarakuna 22 aka mayar da su sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ, har da Ramses na Biyu, sai dai masana ba su haɗu a kan cewa shi ne na zamanin Annabi Musa ba. Ta ce duk 'yan gida ɗaya ne, a nuna mata kowanne.

Ana cikin haka sai ga mutuminku ya zo gaishe da Hajiya. Kun san shi, mai jar motar nan da ba ta tashi sai an tura, wanda tun da ya raka mahaifinsa asibiti a Alƙahira ya zama jakadan Masar a unguwarmu. Ya karɓi takardata, ya zaro biro, ya hau gyara. Da ya iso kan Hurgada sai ya gyara zama ya ce ai Bahar Maliya gishirinsa ya yi yawan da ko ka so ka nutse ba za ka iya ba, ruwan ne zai ɗago ka. Ni na san tekun nan na tsakanin Jodan da Falasɗinu yake nufi, amma kafin in buɗe baki Hajiya, ba tare da ta ɗago daga carbinta ba, ta ce, "To shi Fir'auna a rijiya ya faɗa?"

Da an tsaya a nan da na kwana da farin ciki. Sai maman yara ta leƙo daga kicin ta ce, "Wai kai da kake ta bakin teku, bakin teku, ka ma iya ruwa kuwa?" Na ce ni da na tashi a kududdufin bayan unguwarmu? Mutuminku, da yake yana neman inda zai huce, ya ce ƙwarai ya tuna, ni ne mai tsaron riguna.

Ranar Asabar muka nufi wani otal mai wurin wanka, ni da shi, don a kashe bakin magana. Na riga na biya Ƙofar Wambai na sayi wandon iyo a wajen 'yan gwanjo, ruwan lemo mai zanen abarba, dogo har gwiwa saboda sutura. Mai gwanjon ya rantse irinsa 'yan gasa suke sawa. Da muka isa muka tarar ana bikin zagayowar haihuwar wani yaro, wuri ya cika da yara da iyaye mata, ga kiɗa yana tashi. Na ce mu koma sai wani lokacin. Mutuminku ya ce ai mun riga mun biya kuɗin shiga, ya zaro waya, wai don tarihi.

Na zaɓi gefen da babu mutane sosai. Na ɗan karkaɗa hannuwa yadda nake gani ana yi, na yi bismilla, na juya baya na kama tsanin ƙarfen nan. Taka ta farko lafiya lau. A ta biyu ƙafata ta zame.

Jama'a, ruwan wurin nan warin bilic yake yi, kuma ɗanɗanonsa ya fi warinsa muni, ni shaida ne domin na sha rabona har da na wasu. Na tafi ƙasa da baya, idona a buɗe, ba abin da nake gani sai shuɗi da ƙafafun mutane. Na ɗago na ce "A tai…", ruwa ya ƙarasa mini maganar. Na koma. A nan ne na yi kalmar shahada a zuci, na tuna bashin mai shinkafa, na tuna kwasar adashen ofis tawa ce wata mai zuwa, na ce shi ke nan, wani zai ci. Ina dukan ruwa da hannu bibbiyu, ina harba ƙafa, wandon nan kuwa ya haɗiyi iska ya kumbura ya taso sama kamar fanke a cikin mai, shi yana sama ni ina ƙasa. Can hannuna ya cafki wani abu mai taushi. Na rungume shi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ashe tayar roba ce mai kan agwagwa, kuma da yarinya a cikinta, ba za ta wuce shekara shida ba. Ta ƙwalla ƙara, uwarta ta ƙwalla wadda ta fi ta, mai kiɗa ya kashe kiɗa.

A cikin shirun nan na ji wata murya, a hankali, babu ko gaggawa a cikinta: "Alhaji, miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwan iya cibiyata.

Ina tsaye ina tari, ruwa na zuba ta hanci, wuyan agwagwa a hammatata, mata wajen ashirin suna kallona, wata ta toshe baki da gefen mayafi kafaɗunta na rawa. Yarinyar nan ta zame daga tayar ta tsaya da ƙafarta a gabana, ta share ido ta ce, "Kawu, ba ni agwagwata." Na miƙa mata da hannu biyu. Har "na gode" na ce mata.

Amma ni duk wannan bai tsaya mini a rai ba irin mai muryar. Wani dattijo ne, yana zaune a ƙarƙashin lema da babbar riga da hula zanna, ga tsire a takarda, ga jarida. Don Allah ku gaya mini, me mutum yake yi a bakin wurin wanka da babbar riga? Jika ya kawo, to ya zauna a mota mana. Duk dambun da na yi da ruwa yana kallo, bai motsa ba, sai da ya gama tauna yankan da ke bakinsa sannan ya ga damar ceton rai. Da na fito ina ɗiga sai ya yafito ni da tsinken tsire, ya ce nan ai ɓangaren yara ne, na manya yana can. Mutuminku, maimakon ya rufa asiri, sai ya ce ai atisaye muke yi, Bahar Maliya za mu. Dattijon ya ajiye jarida, ya dube ni tun daga kai har abarba, ya ce, "Can fa tsakiyarsa ya haura kilomita 2 zurfi. Ba a miƙewa." Ya ɗauki albasa ya jefa a baki.

Na ce shi ke nan, Kano da faɗi, ba za mu sake haɗuwa ba. Ranar ɗaurin auren ƙanwar maman yara, ana gama shafa fatiha, ina tsakiyar surukaina da sabuwar shadda, sai na ji an riƙo hannuna. Shi ne, ashe daga dangin ango yake. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, an miƙe lafiya?" Surukina ya ce a'a, kun san juna ne? Ya ce sosai ma, wai tare muke iyo da jikarsa. Yanzu ya zama dangi, duk suna da biki sai mun haɗu, kuma na lura ko zama na yi a tabarma sai ya tsaya yana jiran ya ga tashina.

Shi kuwa mutuminku ya rantse mutum ɗaya kawai ya tura wa bidiyon. Wannan mutum ɗayan shi ne zauren WhatsApp na 'yan ajinmu. Kafin magariba ya isa wayar Hajiya. Ta kalla, ta sa aka maimaita mata, ta ce a cire teku daga takardar, Fir'auna ɗaya ya isa. Maman yara ta ce teku na nan daram, ita za ta zauna a kan yashi da hijabinta, ni in riƙe jakunkuna tunda na saba.

Satin da ya wuce na leƙa Wapa na tambayi canji, na dawo na zauna da kalkuleta. Luksor ce ta fara fita, Iskandariyya ta bi ta. Sai kuma aka duba fasfon Hajiya aka ga ya ƙare tun bara. Mutuminku ya kawo shawarar a je dam ɗin Tiga, wai ruwa ruwa ne, ban tanka masa ba don har yanzu gaisuwa kawai muke yi. Yanzu dai an ce a bari Yaya ya dawo daga Abuja a sake zama.

Wanda kuma ya ɗora wa bidiyon nan kiɗan kalangu, na san ko wane ne.