Miƙa kai ga Uwa Maryamu bai tsaya ga lambar wuya ba

'Yan'uwana mata na ikilisiya, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Da yawanmu mun yi shirin kwana 33 na miƙa kai ga Maryamu yadda Waliyyi Louis na Montfort, fadan nan ɗan Faransa da ya rasu a 1716, ya tsara: kwana 12 na kakkaɓe son duniya, sannan mako guda na sanin kai, mako na sanin Maryamu, mako na sanin Yesu. Mun durƙusa, mun karanta alkawari, mun rataya lamba a wuya. Watan Agusta kuma mu cika motoci zuwa dutsen Buoho, wurin ziyarar Maryamu kusa da Kumasi a Ghana, da rosari a hannu. Madalla. To, daga nan fa?

Abin da muka miƙa ba kaɗan ba ne. Jiki, rai, dukiya, har darajar ayyukanmu na alheri, duk mun danƙa mata ta kai wa Ɗanta, ta raba wa wanda ta ga dama. A gindin gicciye da Yesu ya ce wa Yohanna ga uwarka, gidansa ya tafi da ita. Wadda ta shigo da Maryamu ɗakinta, ban ga bakin da za ta ce "ai ba 'yata ba ce" ba.

Ku leƙa kasuwar Kejetia ta Kumasi da tsakar rana. Yarinya kayayo, wato 'yar dako, daga arewacin Ghana, ƙatuwar tasa cike da doya a ka, goyo a baya, wuyanta na rawa, da dare kuma ta shimfiɗa kwali a bakin shago. Mu masu lamba a wuya mu ne ke ja-in-ja da ita kan sidi biyu. Wannan yana ƙona mini rai. Ko Musulma ce ko Kirista, ba ruwan uwa da wannan tambayar. Maƙwabtanmu Musulmi na unguwar Aboabo ma suna girmama Maryam.

Akwai wata dattijuwa a cocinmu, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ta sha gori. Ita ce ke ambaton 'yan makarantar fada da sunansu a addu'ar asuba, ta ƙulla gari da sabulu ta aika musu. Duk Mama suke ce mata, kuma har zuci.

Paparoma Paul na shida ya kira Maryamu Uwar Ikilisiya a 1964. Ina roƙon shugabanninmu na Legion, ƙungiyarmu ta Maryamu, a taron mako mai zuwa kowace mace ta tashi da sunan yaro ɗaya wanda ba ita ta haifa ba, ta san inda yake kwana da abin da ya ci.