Mai askin da ya shekara 46 a majalisar Nebraska

Jama'a, ina so mu tattauna a kan wani dattijo mai suna Ernie Chambers, tsohon sanata a jihar Nebraska ta Amurka, saboda tarihinsa ya sa ba na yarda da maganar nan da ake yawan yi cewa duk ɗan majalisar da ya daɗe a kujera ya zama matsala, maganinsa kawai a kafa dokar da za ta tashe shi.

Da farko a gane irin sanatan da nake nufi. Ba na birnin Washington ba ne. Jihohin Amurka kowace tana da majalisar dokokinta, kuma kusan duka suna da zaure biyu, na wakilai da na dattawa. Nebraska ce kaɗai ta fita daban: tun 1937 zaure ɗaya gare ta, mambobinta 49 a yanzu, kowa ana kiransa sanata, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a takardar zaɓensu. Albashin kujerar dala 12,000 ne a shekara, kuɗin da ba zai riƙe gida ba a can. To a wannan zaure Chambers ya zauna daga 1971 zuwa 2009, ya sake dawowa daga 2013 zuwa 2021. Shekara 46 ke nan, babu wanda ya kai shi a tarihin jihar.

An haife shi a 1937 a birnin Omaha, kuma unguwar baƙar fata ta arewacin birnin ya wakilta, mazaɓa ta 11. Aski yake yi kafin siyasa. Ya karanta shari'a a Jami'ar Creighton amma bai shiga ƙungiyar lauyoyi ba. A mafi yawan shekarunsa shi kaɗai ne baƙi a zauren, ba shi da jam'iyya, ba shi da ubangida. Sauran sanatoci su zo da kwat da laƙataye, shi kuwa ya shigo da riga mai gajeren hannu da wandon jins, kamar wanda ya zo gyaran famfo. A lissafin siyasa, irin wannan mutum ɗan kallo ne: ƙuri'a ɗaya cikin 49, a jihar manoma masu ra'ayin riƙau.

Sai dai ya gano abin da sauran ba su damu da shi ba, wato littafin ƙa'idojin majalisa. Zaman majalisar Nebraska gajere ne, kwana 90 a shekara ɗaya, kwana 60 a mai bi mata. Kowane ƙudiri sai ya bi matakai uku kafin ya wuce. Ashe ke nan lokaci shi ne dukiyar zauren, kuma wanda ya iya cinye lokaci ya riƙe wuyan kowa. Chambers yakan karanta ƙudiri layi bayan layi, ya zaƙulo inda aka yi sakaci, ya kawo gyara, a yi muhawara a kai, ya kawo wani, ya nemi a sake duba ƙuri'ar da aka kaɗa, ya tashi ya yi jawabi har da waƙen da ya tsara da kansa. Kafin a rufe masa baki sai an haɗa sanatoci 33. Mai ƙudiri yana kallon kwanaki na zurarewa, dole ya zo a zauna a daidaita. Da yawa daga cikin abokan aikinsa sun ji haushinsa, amma har masu adawa da shi sun sha faɗin cewa tsoron idonsa ya sa suke tsaftace rubutun dokokinsu kafin su kawo.

Wannan ƙwarewa ba a samunta a wa'adi ɗaya. Nan ne gardamata take.

Ku dubi abin da ya yi da ita. A 1980 ya ja majalisar ta zartar da matsayar janye kuɗin jihar daga kamfanonin da ke hulɗa da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, Nebraska ta zama jiha ta farko da ta yi haka, alhali Mandela yana kurkuku kuma gwamnatin tarayya ba ta ko shirya ba. Ya matsa aka koma zaɓen kansilolin Omaha ta mazaɓa-mazaɓa maimakon birni gaba ɗaya, abin da ya buɗe wa baƙar fata ƙofar samun kujera. Tun shekarun 1980 yake cewa a biya ɗaliban jami'a masu buga ƙwallo tunda makarantu na tara miliyoyi da guminsu. A lokacin dariya aka yi masa. Sai ga shi daga 2021 an ƙyale 'yan wasan su riƙa samun kuɗi da sunayensu a faɗin ƙasar.

Babban yaƙinsa kuwa shi ne soke hukuncin kisa. Ya kai ƙudirin har ya wuce a 1979, Gwamna Charles Thone ya hau kujerar na-ƙi. Bai haƙura ba. Zama bayan zama yana dawo da shi, ana kayarwa, yana sake kawowa. Ban zo in ce muku ina tare da shi a wannan ra'ayi ba, kowa da fahimtarsa a kan hukuncin kisa. Abin da ya ja hankalina shi ne naci na sama da shekara talatin a kan magana ɗaya, ba tare da ya canza baki don neman ƙuri'a ba.

A 2000 masu zaɓe na jihar suka amince da gyaran tsarin mulki: sanata ba zai wuce wa'adi biyu a jere ba, shekara takwas ke nan, sai ya huta shekara huɗu kafin ya sake tsayawa. Chambers ya sha faɗin cewa shi aka nufa da dokar, kuma mutane da dama a jihar haka suka ɗauka. A farkon 2009 ya tattara takardunsa ya fita. Ku lura da kyau, mutanen arewacin Omaha ba su gaji da shi ba. Mutanen wasu garuruwa masu nisa, waɗanda ba shi ne wakilinsu ba, su suka yanke wa mazaɓa ta 11 hukuncin wanda ba za ta iya zaɓa ba. Hujja kuwa ba ta yi wuyar samu ba: da wa'adin hutun ya cika, ya tsaya a 2012, ya kayar da Brenda Council wadda ta gaje shi, ya koma kujerarsa yana da shekara 75.

Bayan dawowar ne, a watan Mayun 2015, majalisar ta soke hukuncin kisa. Gwamna Pete Ricketts ya ƙi sa hannu, sanatoci suka tsallake shi da ƙuri'a 30 da 19, daidai adadin da ake buƙata, ko ɗaya babu rara. Da yawa cikin talatin ɗin masu ra'ayin riƙau ne. Sannan magoya bayan hukuncin suka tara sa hannun jama'a, gwamnan ya zuba kuɗin aljihunsa a yaƙin, aka kai maganar ƙuri'ar raba gardama a Nuwamban 2016, jama'a suka dawo da hukuncin kisa da rinjaye mai yawa. A 2018 jihar ta zartar da shi a kan wani fursuna. Aikin rayuwar mutum ya rushe cikin shekara ɗaya da rabi.

Wannan kayen ni ban ga aibunsa ba. An kawo magana gaban mutane, sun auna, sun ce ba su yarda ba. Haka ya kamata a kayar da ɗan siyasa, a kan ra'ayinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce an gaza kayar da mutum a akwati, sai a cire sunansa daga takardar.

Kada wani ya ce na mai da shi waliyyi. Bakinsa da kaifi, kuma ya sha wuce gona da iri. Mutum ne da ba ruwansa da addini. Ya kai ƙarar majalisa saboda tana biyan malamin coci yana buɗe zama da addu'a, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, ya sha kaye a 1983. A 2007 ya shigar da ƙara da sunan wai yana ƙarar Ubangiji, wa'iyazu billahi, ya ce yana so ya nuna ƙofar kotu a buɗe take ga kowa. Kotu ta yi watsi da ita. Ko me ya nufa, ni a wurina wannan wauta ce. A 2015 ya kwatanta 'yan sanda da ƙungiyar ISIS, aka yi ta kiran ya sauka, ya ƙi ko ba da haƙuri. A 2006 ma ya kawo gyaran da zai raba makarantun Omaha gida uku, rabon da ya yi kusan daidai da launin fatar unguwanni, har ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta garzaya kotu, daga baya aka janye tsarin. Duk waɗannan dalilai ne da za su iya sa mai zaɓe ya juya masa baya, kuma haƙƙinsa ne ya yi hakan.

Na san abin da masu goyon bayan ƙayyade wa'adi za su ce, kuma ba shirme ba ne. Mai kan kujera yana da suna, yana da hanyar tara kuɗin kamfe, matashi ba ya iya ture shi. A kan kowane Chambers ɗaya akwai goma da suka daɗe ba su tsinana komai ba sai ɗumama kujera. Gaskiya ne. Amma a tambayi kai, idan aka kori duk sanatan da ya cika shekara takwas, wa ya rage a ginin da ya san yadda aka rubuta dokar haraji shekara ashirin da suka wuce? Masu kamun ƙafa na kamfanoni, waɗanda babu dokar da ta ƙayyade musu wa'adi. Sai manyan ma'aikatan gwamna. Sabon sanata yana shekara biyu ko uku yana koyon hanya, yana fara ganewa sai a ce saura kaɗan ya tafi, hankalinsa ya koma kan aikin da zai samu a gaba. Gwamna mai kuɗi da jam'iyya mai ƙarfi sun fi kowa jin daɗin irin wannan majalisa. Wanda ya fi asara kuwa shi ne talakan mazaɓar da ba ta da yawan kujeru, wadda ƙarfinta ɗaya shi ne ta samu gogaggen mutum ta riƙe shi.

A Janairun 2021 dokar ta sake cim masa, ya fita karo na biyu yana da shekara 83, wani matashi mai suna Terrell McKinney ya karɓi kujerar. Sau biyu ke nan yana barin majalisar, kuma duka biyun ba ƙuri'ar mutanen arewacin Omaha ce ta fitar da shi ba.