Tumbi ba arziki ba ne, ku ƙyale yaron nan

Wai don Allah me ke damun mu ne? Wani yaro ya sa hotonsa na da da na yanzu a Facebook, ya ce alhamdulillah ya rage ƙiba, shikenan kowa ya zama likita a ƙarƙashin hoton. Wannan ya ce a kai shi gwajin jini, wancan ya ce ƙwaya ce, wata har da "Allah sarki, duniya ta juya masa baya". Wani babba da nake ganin girmansa cewa ya yi wai da can ya fi kama da ɗan masu kuɗi. Sannunku da aiki likitocin Facebook, Allah ya ƙara basira, asibitocinmu ma a rufe su kawai tunda ga ku.

Tumbi ba arziki ba ne. Ku rubuta ku ajiye. Mun taso an cusa mana cewa in mutum ya ajiye teɓa to ya samu, in wuyansa ya yi ninki biyu hutu ne ya kama shi, in kuma ya faɗa to ko talauci ko ciwo ko matarsa ba ta iya girki ba. Wannan tunanin ne ya sa 'yan mata ke shan sha-ka-fashe ana dab da biki, kuma da yawan ƙwayoyin nan dexamethasone ne, magani ne na masu ciwo da likita ke rubutawa, yana kumbura fuska ya tara ruwa a jiki ya ta da suga da hawan jini. Ita ba wanda ya ce mata a je a yi gwaji, sai ma a ce amarya ta yi kyau ta ciko. Amma wanda ya tashi bayan asuba ya zuba gumi wata da watanni, shi ne abin tausayi. Haba jama'a.

Ni abin ya taɓa ni ne don na bi ta nan. Ina gama bautar ƙasa na samu aikin zama, daga kujera sai mashin, daga mashin sai teburin mai shayi, indomi biyu da ƙwai da shayi mai kauri ƙarfe sha ɗayan dare, a kora da lemo mai sanyi. Lokacin kowa yabo yake, kai mutumina ka samu duniya, ina ne ake rabawa? Alhali ni na san abin da nake ji, in na hau bene sai na tsaya a tsakiya kamar ina duba waya, ruku'u ma gwiwa ƙara take, ga minshari har ƙanina ya bar min ɗakin. Ban kai talatin ba fa. Ba wanda ya ce min komai a lokacin, ko mutum ɗaya. Da na fara zuwa gudu a filin Race Course da safe jiki ya fara sauka, a nan ne gwaggona ta kira ni gefe a wajen suna ta ce ɗan nan ka faɗa min gaskiya, bashi ake bin ka?

Na san masu cewa ai ƙiba gado ce. Toh mun ji, amma lemon kwalba uku a rana ba kakanka ne ya bar maka ba. Babbar roba ɗaya ta lemon nan tana ɗauke da suga kusan giram 50, wato abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini guda, kai kuma ka shanye shi tsakanin la'asar da magariba ka ƙara da wani. Ita dai hukumar ce ta ce minti 150 na motsa jiki a sati, rabin awa kwana biyar ke nan, bai kai lokacin da kuka ɓata kuna zagin yaron nan ba. Masu cewa wanda bai ci ya ƙoshi ba ina shi ina gudu, ba da ku nake ba, kuma kun sani. Wanda ke tura kurar ruwa ba ya buƙatar zuwa gidan motsa jiki. Da masu tumbi nake.

Sai kuma waɗanda suka bar maganar ramar suka koma kan abin da ke kunnensa, wai yana gudu yana jin kiɗa, kwaikwayon Turawa. Wane Bature? Kakanninmu da gangar noma suke gayya, makaɗi na bin bayan manomi yana zuga shi har a tashi gona guda kafin azahar. Mata na daka suna lugude suna waƙa. 'Yan dambe ba sa shiga fili sai kalangu ya taɓa, Ɗan Anace da ya wasa Shago ai ba a Ingila ya koyo ba. Jiki in ya gaji kiɗa ne ke yaudararsa ya ƙara taku, wannan Bahaushe ya san shi tun kafin a ƙera iyafis. Hukuncin kiɗa kuwa ga malamai nan ku je ku tambaya, ba fannina ba ne, ina da abokin da karatun Alƙur'ani yake sawa a kunne kuma ya fi ni nisan zango. Ka sa abin da zuciyarka ta natsu da shi, kai dai ka motsa.

Wallahi ba wasa nake ba yanzu. Ina da kawu da bai kai hamsin ba, mutum mai fara'a, shi ake nunawa a ce ga wanda ya ji daɗi, rana ɗaya ya faɗi a kasuwa, hawan jini, ɓarin jikinsa ya shanye. Yau 'ya'yansa ke ɗaga shi su kwantar. Duk masu yabon tumbin nan babu wanda ke zuwa juya shi da daddare. Shi ya sa in na ga yaro ɗan ashirin da wani abu ya gane da wuri, ya ɗaure takalmi ya fita cikin sanyi, addu'a kawai nake masa. Ƙanina mai hoto, in kana karantawa, kada ka goge hoton nan. Kada ka kuskura.

Af, tunda an zo maganar kiɗa, mawaƙanmu na yanzu ku ji tsoron Allah. Komai soyayya, komai sanyi-sanyi na shigowar amarya, mutum na tsakiyar gudu sai a fara masa kukan rabuwa har ƙafa ta mutu. Ba mai yi mana mai zafi ne? Kuma wanda ya san inda ake sayar da iyafis da gumi ba ya kashewa ya faɗa min, wanda na saya a kasuwar waya ta Farm Centre kunne ɗaya ya riga ya tafi.