Baƙon Biki Ba Ciki Kaɗai Ya Zo Da Shi Ba

Shekarata shida ke nan a jihar Kedah, can arewacin Malesiya kusa da iyakar Tailan, kuma a tsawon zaman nan biki biyu ne suka tsaya mini a rai. Ɗaya na wani abokin aikina ne ɗan ƙasar, a tsibirin Langkawi. Ɗayan na ƙanwata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a gidanmu a Daura. Wata biyu ne tsakaninsu, shi ya sa har yau nake ɗora wannan a kan wancan ina aunawa.

Shi abokin nawa da amaryarsa a Kuala Lumpur suke aiki, dangi kuwa sun warwatsu, wasu a Singafo, wasu a Johor, wasu a ƙauyukan Kedah. Sai suka ce kowa ya haɗu a Langkawi, kwana uku. Mun hau jirgin ruwa daga Kuala Perlis, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Muna isa masauki aka miƙa wa kowa makullin ɗakinsa da wata 'yar takarda. Na ɗauka tsarin zaman walima ne, ashe abin da baƙi za su yi ne kowace safiya kafin hidimar yamma. Ɗaurin auren kansa irin namu ne sak, a masallaci, ga waliyyi, ga shaidu, an ambaci sadaki, an yi addu'a, an shafa. Bai kai rabin awa ba. Abin da ya bambanta shi ne an zauna an yi tunanin sauran awannin da baƙo zai kwashe a garin da bai san kowa ba.

Safiyar farko aka kai mu kogin Kilim. Wuri ne na wasu itatuwa da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaye bisa ruwa kamar ƙafafun gizo-gizo, ga duwatsu dogaye sun kewaye su. Saboda irin waɗannan duwatsun ne hukumar UNESCO ta sa Langkawi cikin wuraren da take karramawa a 2007. Mu goma ne a namu kwale-kwalen mai inji. Matuƙin, yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ya raba mana rigar kariya daga nutsewa. Wani dattijo, kawun amarya, ya ɗora tasa a cinya, ya ce shi a bakin teku aka haife shi. Yaron bai ɗaga murya ba. Ya dai sauke hannunsa daga kan injin, ya ɗan rusuna, yana kiransa "Pak Cik", wato kawu, ya ce ba a yarje masa ya tashi ba sai kowa ya ɗaure. Muka zauna shiru kwale-kwale na lilo da mu. Dattijon ya dubi yaron, ya yi murmushi, ya saka rigar, ni da nake kusa da shi na ja masa igiyar baya. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninmu. Kafin mu fito daga kogon jemagu ya san sunan garinmu, ya san a wajenmu damina ɗaya ce a shekara, ni kuma na san shinkafa yake nomawa, da cewa matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce.

Wannan shi ne abin da na riƙo daga bikin, fiye da kyawun wurin. Dangin ango da na amarya ba su taɓa haɗuwa ba. Da a zauren walima aka fara gama su, kowa teburin danginsa zai nufa. Amma mutanen da suka yi awa uku a kwale-kwale ɗaya, biri ya fizge wa ɗayansu ledar gyaɗa, ruwa ya fantsamo ya jiƙa su tare, da daddare sai ka gan su tebur guda. Tsofaffin mata da ba su son cakuɗa da maza an ware musu nasu kwale-kwalen, kuma kafin azahar kowa ya dawo, ga wurin alwala da ɗan masallaci a bakin mashigar. Ban ga abin da ya taɓa addinin kowa ba.

Washegari masu ƙarfin zuciya suka hau dutsen Mat Cincang a cikin ɗan akwatin gilashin da ke tafiya bisa igiyar ƙarfe, har tsayin da ya haura mita 700, suka taka gadar nan mai lanƙwasa da aka rataya tsakanin duwatsu, tsawonta mita 125. Na hau, ƙafata ta yi sanyi, na sauko lafiya. Akwai abin da bai yi mini ba, shi ne yadda matuƙa ke watsa fatar kaza a ruwa don shirwar wurin, mai jan baya da farin kai, ta sauko a ɗauke ta hoto. Masu kula da namun daji sun daɗe suna kuka da hakan, kuma ina ganin gaskiyarsu.

Kada wani ya ɗauka ina kiran a kwashi aurenmu a kai tsibiri. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, duk da na ga wasu masu hali a ƙasarmu sun fara kai nasu Dubai. A bikin Langkawi babu maƙwabciyar da ta yi wa amarya wanka tana jaririya, babu abokan kakanta na masallacin unguwa, don kuɗin jirgi da na ɗaki ya tace su. Aure a wajenmu na unguwa ne. Tsohuwar da za ta zo da kwanon gero ɗaya gudummawa tana da haƙƙi a bikin kamar mai zuwa da rago. Ta wannan fuskar mun fi su, nesa ba kusa ba.

Sai dai in an duba da kyau, yawancin bukukuwanmu na yanzu ai na masu tahowa daga nesa ne. Mijin ƙanwata a Legas yake aiki. Abokansa goma sha biyu suka zo, daga Legas, Jos, Fatakwal, har da wani Bayarabe ɗan Ibadan. Sun sauka a filin jirgin Katsina ranar Alhamis, aka ɗauko su a mota, tafiyar wajen kilomita 80 zuwa Daura. Ga su Daura ta Abdu tushen Hausa, yawancinsu karo na farko, wataƙila kuma na ƙarshe.

Abinci kam ba a magana. Da safe waina da miyar taushe da kunun gyaɗa, da rana kuloli sai an yi musu layi a bakin ƙofa, da yamma fura da nono mai sanyi, ga dambun nama, ga alkaki da nakiya a roba. Hajiyarmu da kanta take ɗanɗana miyar baƙi kafin a fitar. Amma daga Alhamis har Asabar da aka ɗaura aure, kamu na mata ne, sa lalle na mata ne, su kuwa mazan nan suna zube a falon masauki kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Na leƙa su sau uku, sau ukun haka na tarar da su, sai dai kulolin sun sauya.

Ranar Juma'a bayan la'asar Bayaraben nan ya jawo ni gefe, cikin jin nauyi, ya tambaye ni ko a garin nan ne rijiyar da aka koya musu a firamare take, wadda baƙo ya kashe macijin cikinta. Kunya ta kama ni. Mutum ya yi kwana biyu bai fi tafiyar minti goma da Kusugu ba, babu wanda ya ce masa uffan. Na ari motar yayana na kai shi. Mai kula da wurin ya ba shi labarin tun daga zuwan Bayajidda, da tsohuwa Ayana da ta sauke shi, da macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har zuwa aurensa da Daurama. Sannan ya zura guga. Muna jin ƙarar faɗawarsa can ƙasa, ya jawo, ya zuba masa. Bawan Allah nan ya karɓa da hannu biyu, ya sha, ya shafa sauran a fuska, ya yi tsaye bai ce komai ba. Can ya ciro waya ya kira 'ya'yansa ta bidiyo yana nuna musu bakin rijiyar. Da muka koma ya ba sauran labari, mutum bakwai suka ce su ma sai an kai su kafin magariba.

Da daddare Kawu ya kira ni zaure. Ya ce, "Kai ɗan nan, ashe baƙin mutane ka kwasa kana yawo da su a gari? Baƙo ya zo biki, ai hutawa zai yi. So kake a ce mun rasa inda za mu ajiye su?" Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri Kawu, su suka nema." Ya ce to ai kara suka yi mini. Ban ja da shi ba, kuma na fahimci inda ya dosa. A tarbiyyarmu karrama baƙo shi ne a shimfiɗa masa, a cika masa ciki, kada a bari ya ɗaga ko tsinke. Wannan ya dace da baƙon da, wanda ya yi kwana uku a kan jaki ko a bayan a-kori-kura, ya iso da ƙura har gira. Baƙon yau daga ofis mai na'urar sanyi ya fito, ya shiga jirgi, ya shiga mota, muka sake zaunar da shi a ɗaki. Zaman ne ya gajiyar da shi tun daga can.

Kuma abin da ke ci mini rai, muna da abin nunawa. Ɗauki doki kawai. A Langkawi babu abin da ya kama ƙafar abin da Daura da Katsina suka gada a nan. Wanda ya taɓa ganin hawan Sallah a Ƙofar Soro, ko Hawan Magajiya da Sallar Gani a Daura, ya san me nake nufi. Ba sai an jira Sallah ba. A bayan gari akwai fili mai rairayi, akwai masu dawaki da suka san wanne ne mai sanyin hali. La'asar sakaliya a lokacin hunturu, a ɗaura wa baƙo sirdi, mai dokin na riƙe da linzami, a yi kilisa a hankali tsakanin gonakin da aka girbe, ana wuce rumbuna da kukoki, garken shanu na komawa ruga. Mutumin Legas zai mutu bai manta da wannan yammacin ba. Maimakon haka, abin da muke kira nishaɗin biki shi ne samari su saki dawaki a guje a kan kwalta cikin mutane, ko a yi ta ganganci da motoci ranar kai amarya. Kowa a cikinmu ya san gidan da murna ta koma zaman makoki ta wannan hanyar.

In bikin ya kai Lahadi, ga kasuwar Mai'adua kusa da iyakar Nijar, inda baƙo zai ga raƙuma da shanu da tumaki iya ganinsa, ya ga yadda dillali ke ƙulla ciniki. In a Katsina ake yi, da sassafe kafin rana ta yi zafi a zagaya da su Gobarau, hasumiyar ƙasa mai tsawon wajen mita 15 da ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, a bi ta abin da ya saura na ganuwa da ƙofofinta, a shiga tsohuwar kwalejin da aka kafa a 1921, inda Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu. Mai son tarihi sosai a miƙa da shi Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Da kaka kuwa ga dambe da kokowa.

Ruwa ne ba zan ce a kai kowa ba tukuna, duk da muna da madatsun Sabke da Ajiwa. A watan Mayun 2022, ana cikin shagalin ƙaramar Sallah, kwale-kwale ya kife a ƙasar Mai'adua, aka rasa rayuka, yawancinsu yara. Duk sanda na tuna yaron nan na Kilim da hannunsa a sauke daga kan inji, su nake tunawa. Sai ranar da matuƙinmu zai iya ce wa dattijo "Baba, ba zan tashi ba sai ka ɗaure", kuma a samu rigar da za a ɗaure ɗin.

Na san abin da mai karatu a gida yake faɗi a ransa: wannan yana zaune a ƙasar waje yana maganar yawon buɗe ido, mu muna fama da 'yan bindiga. Gaskiya ne, kuma ina da 'yan uwa a Batsari da suka bar gonakinsu. Ba wanda zai ɗauki baƙo ya nufi Jibiya ko Safana ko gefen dajin Rugu don nishaɗi, kuma halin da mutanen can suke ciki ya fi kowace maganar biki girma. Amma Kusugu a tsakiyar gari take, Gobarau ma haka. A tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki a ranar, a fita da hantsi, a dawo da sauran rana. Baƙin nan da suka koma Legas, in ba don yammacin Juma'ar nan ba, abin da za su ce game da jiharmu shi ne abin da suka saba ji a labarai, sai kuma cewa abincinmu da daɗi.

Maganar kuɗi kuwa, abin da aka kashe wa adon zauren dina na awa huɗu ya isa a ɗauki hayar bas, a sallami masu dawaki, a yi wa mai kula da rijiya alheri, har a biya ɗaya daga cikin yaran nan da suka karanta tarihi a jami'a suna zaune ba aiki, ya zama ɗan jagora. Kuɗin ma a unguwa zai tsaya.

Ƙanina zai yi aure hunturun nan mai zuwa, kuma amaryar 'yar Zariya ce, danginta za su zo da yawa. Makon jiya na kira Kawu na sake ɗauko maganar, na ce ni zan ɗauki nauyin motar. Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "To. Amma a fara kawo su su gaida Hajiya, su karya. Dawakin kuma kada ka nemo na 'yan hayan nan, akwai wani abokina a hanyar Zango, nasa ba su da tsalle. Ni zan yi masa magana."