Masu cewa abincin Poland duk alade ne, ku fita daga shagon kebab tukuna

Akwai maganar da na gaji da ji daga bakin 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke zaune a Poland. Wai mutanen nan ba su iya girki ba, in ba alade ba sai dafaffen dankali salam. In ka bi diddigi, mai wannan hukunci bai taɓa wuce shagon kebab na bakin tasha ba, sai 'yar shinkafar da yake dafawa a ɗaki. Ni kam ban yarda ba. Kuma ba a tsakiyar Warsaw ko Krakow ake sanin girkinsu ba, can an gyara komai ne domin baƙi masu ɗaukar hoto. Ƙananan garuruwa za ka nufa.

Supraśl wani ɗan gari ne a bakin dajin Knyszyn, kusa da Białystok, arewa maso gabashin ƙasar. Gidan abincin da na shiga can tebura kaɗan ne, an rubuta girkin ranar da alli a jikin allo, kuma dattijuwar da ta zo tambayar abin da zan ci ita ce ke komawa ta buɗe tukunya. A wurin Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wadda kake tambaya me aka zuba, ita ta zuba da hannunta. A babban gidan abinci na birni yaron da ke kai faranti zai ce maka "babu nama" alhali bai taɓa leƙa kicin ba.

Ba zan yi muku ƙarya ba, alade yana nan, har inda ba ka zata. Kana zama za a iya ajiye maka burodi da wani farin abu a ɗan kwano, kyauta, ka ɗauka man shanu ne. Smalec ke nan, kitsen alade. Bigos, kabejin nan da ake dafawa da nama, da shi ake yi. Kotlet schabowy shi ne zalla. Babka ziemniaczana, gasasshen gurzajjen dankalin da mutanen Supraśl ke alfahari da shi, akasari da gutsattsarinsa a ciki. Hatta pierogi, 'yan ƙunshin fulawa da ake cusa wa abu a ciki a dafa, wanda babu nama a cikinsa, wasu sai sun barbaɗa masa soyayyen kitse a kai. Na ce wa dattijuwar, "Pani (wato uwargida), ba na cin alade, ko kitsensa." Ta ɗan yi shiru, ta ɗauke kwanon nan, ta bi allon da yatsa tana kaɗa kai, wannan a'a, wannan a'a, wannan to.

Abin da ya rage bayan a'a ɗin nan shi ne dalilin rubutuna. Mutanen Poland akasarinsu Katolika ne, sun daɗe da al'adar ƙin cin nama ranar Juma'a, kuma a daren 24 ga Disamba suna jera abinci kala 12 ba nama ko ɗaya. Don haka girki marar nama a wurinsu gado ne, kakanninsu mata sun ƙware a kai tun kafin ya zama yayi. Aka kawo mini barszcz, romon jan gwoza mai ɗan tsami da zafi har yana turiri, sannan pierogi ruskie: fulawa aka murza, aka naɗe dankali da farin cuku a ciki, aka dafa a ruwa, aka zuba albasa soyayya da man shanu. Fatar ta yi laushi, bakinta kuwa da shatin yatsun wadda ta matse ta, babu biyu da suka yi kama. Akwai kuma mai kabeji da naman kaza na daji, wato tsiron nan mai kama da laima (mushroom), wanda su da kansu suke shiga dazuzzuka su tsinto lokacin kaka su shanya.

Tsamin nan shi ke korar mutanenmu, kuma shi ne sirrin girkin. Ƙasa ce mai dogon sanyi, wata da watanni gona ba ta ba da komai, sai suka koyi jiƙa kabeji da kokwamba a ruwan gishiri su yi tsami su daɗe. Żurek ma, wani romonsu mai tsami, garin hatsin da suke kira żyto ake jiƙawa kwanaki har ya tashi, kamar yadda ake barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko. Wanda ya tashi da koko bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Sai dai a kula, da tsiran alade aka saba haɗa shi.

Inda zan goyi bayan masu ƙorafi ɗaya ne: barkono. Babu. Zafinsu na chrzan ne, wata saiwa da ke harbin hanci ta bar harshe lafiya lau. Ni da ƙullin yajina nake yawo, kuma dattijuwar tana kallo na barbaɗa a pierogi, dariya kawai ta yi.

Batun kaza da saniya kuwa ya koma kan yanka, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Wanda ke son nama da kwanciyar hankali, daga Supraśl ya ƙara gaba zuwa ƙauyen Kruszyniany. Akwai Tatar a can, wata ƙabila ta Musulmi, tun 1679 da Sarki Jan Sobieski na uku ya ba sojojinsu filaye a madadin albashin da suke bin sa. Masallacinsu na katako, koren fenti, yana nan ana salla, haka ma na ƙauyen Bohoniki. Suna yin pierekaczewnik, siraran fallayen fulawa da ake shafe da man shanu, a zuba naman rago ko na saniya, a naɗe a gasa, wanda Tarayyar Turai ta yi wa rajista a 2009 cikin abincin gargajiya. Aikinsa na cin awanni, gara ka aika saƙo tun kafin ka taso. Ƙauyen dab yake da iyakar Belarus, motocin haya ba sa yawan zuwa, don haka ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota, kowa kuma ya riƙe fasfo da katin zamansa a aljihu.